Talaka ya gama tsuke bakin aljihu tun kafin a ba shi shawara

A watan Fabrairun 2024 shugaban kamfanin WK Kellogg, Gary Pilnick, ya bayyana a tashar CNBC ta Amurka yana cewa iyalan da tsadar abinci ta matsa wa za su iya cin kayan karin kumallon da kamfaninsa ke sayarwa a matsayin abincin dare, tunda sun fi araha. Mutane suka yi masa ca, wasu suka yi kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin, daga baya ƙura ta lafa. Ni dai maganar ta ƙi barin raina, domin kusan kowane mako sai na sake jin irinta daga wani baki: hanyoyi bakwai na rage cefane, dabaru goma na rage kuɗin wuta, yadda uwargida za ta ciyar da gida da rabin abin da ta saba. Kafin Pilnick ma, a Afrilun 2023, babban masanin tattalin arziki na Babban Bankin Ingila, Huw Pill, ya ce dole magidanta da kamfanoni su yarda cewa sun fi da talauci, su daina ƙoƙarin ture wa juna asarar ta hanyar neman ƙarin albashi ko ƙara farashi.

Ba ni da rigima da tattali. Almubazzaranci abin ƙi ne a addini da kuma hankali, kuma akwai gidajen da idan suka zauna da takarda da biro za su tarar da kuɗi na zurarewa ta inda ba su zata ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka mai da wannan shawara ta zama amsar tsadar rayuwa gaba ɗaya, har ana kallon magidancin da ya kasa kai ƙarshen wata kamar wanda bai iya lissafi ba.

Shekara fiye da 160 ke nan da aka gano inda wannan tunani ya karkace. A 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya duba yadda iyalan ma'aikata a Beljiyam ke kashe kuɗinsu, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake kiranta da sunansa: gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke cinyewa daga abin da yake samu. A ɗauki gida biyu. Na farko cikin kowace 100 da ta shigo, 60 a abinci take ƙarewa. Na biyu 15 kawai yake kashewa a abinci. Idan farashin abinci ya tashi da kashi 20 cikin 100, gida na biyu zai nemi ƙarin 3, ya fasa sayen sabuwar waya a bana, shi ke nan. Gida na farko ƙarin 12 yake bukata, kuma sai ya zaro ta daga 40 ɗin da aka riga aka raba wa haya, kuɗin makaranta, kuɗin mota da magani. Masu rubuta mana jerin dabaru daga gida na biyu suke rubutu, suna magana da na farko.

To me gida na farko yake ragewa a zahiri? Ba ya rage yawon buɗe ido, don bai taɓa zuwa ba. Nama ne ke fara fita daga tukunya, sai ƙwai da madara da 'ya'yan itace su bi baya, a koma kan abin da zai cika ciki kawai. Daga nan cin sau uku ya koma sau biyu, kuma a mafi yawan gidaje uwa ce ke fara cewa ta ƙoshi. Maganin da likita ya ce a sha kullum sai a riƙa shansa bayan kwana biyu domin ya daɗe. Ciwon da ya kamata a kai asibiti tun yana ƙarami sai a bar shi ya girma. Yaro ya zauna a gida zango ɗaya da niyyar zai koma, zangon ya zama shekara. Duk wannan a takardar lissafi yana fitowa a matsayin kuɗin da aka adana, alhali bashi ne aka ci daga jikin mutanen gidan, kuma ranar biya na nan zuwa. Likitocin yara sun daɗe suna cewa kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne ke gina jiki da ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a maido shi. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a 2022 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan miliyan 148 ne suka tsumbure, kuma a shekarar mutane fiye da biliyan 2.8 ba su da ƙarfin sayen abinci mai gina jiki. Waɗannan mutane sun tsuke bakin aljihu tuntuni, babu wanda ya koya musu.

Akwai kuma abin da na fi so masu ba da shawarar nan su amsa min, wato cewa tattalin ma sai da kuɗi ake yinsa. Ana cewa a sayi kaya da yawa lokaci guda ya fi araha. Gaskiya ne, amma wa ke da kuɗin sari? Mai samun kuɗin yini ɗai-ɗai yake saye, ƙaramin ƙulli yau, wani gobe, idan aka tara sai a ga ya biya fiye da mai kuɗin da ya ɗauki buhu. Ana cewa a dafa da yawa a ajiye, alhali ajiya sai da firji, firji kuma sai da wutar da ba ta yankewa. Ana cewa a sayi takalmi mai ƙwari sau ɗaya maimakon mai araha sau uku, ga shi kuɗin mai arahar kaɗai ke hannu yau, kuma gobe yaro zai tafi makaranta. Idan ta kai ga cin bashi, mai albashi mai tsoka banki ke lallaɓarsa da ruwa kaɗan, talaka kuwa sai ya faɗa hannun masu ba da bashin gaggawa da ruwansu mai nauyi. Gidan haya mai sauƙi yana can nesa da wurin aiki, abin da aka rage a haya kuɗin mota ya cinye shi. Kowace dabara a cikin jerin tana bukatar ɗan rarar da wanda ake yi wa wa'azin ba shi da ita.

Sa'an nan wannan tsada ba a ɗakin girkin kowa aka ƙirƙiro ta ba. Annobar korona ta tsinke hanyoyin safarar kaya. Rasha ta mamaye Ukraine a ranar 24 ga Fabrairun 2022, ƙasashe biyu da ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta a duniya, kuma a watan Maris na shekarar ma'aunin farashin abinci na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin 100 a Amurka a watan Yuni, ta kai 11.1 a Birtaniya a watan Oktoba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a rabin farko na 2022 darajar albashi a duniya ta ragu, karo na farko a wannan ƙarni. A shekarar dai, a cikin manyan kamfanonin mai, ExxonMobil ya ci ribar kusan dala biliyan 56, Shell kusan biliyan 40, Saudi Aramco kuwa biliyan 161. A Yunin 2023 masana a Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ba wanda zai zarge shi da ƙin 'yan kasuwa, suka rubuta cewa ƙaruwar ribar kamfanoni ce ta haifar da kusan rabin hauhawar farashin da aka gani a ƙasashen da ke amfani da kuɗin yuro. Wane ne ya rubuta wa waɗannan kamfanoni hanyoyi goma na rage riba?

Masu cewa ƙarin albashi zai ƙara rura wutar hauhawar farashi su fara bayyana mana yadda albashin da ke ja da baya ya kunna ta. Masu cewa a yi haƙuri, ai hauhawar ta sauko, sun san sarai cewa saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Abin da ake saye 100, idan ya tashi da kashi 10 bara, ya tashi da kashi 3 bana, ya zama 113 da ɗoriya. Gudun ne ya ragu, tafiyar tana nan. Faɗa wa magidanci cewa abubuwa sun daidaita alhali albashinsa bai kamo 113 ba raina masa hankali ne, kuma ya sani.

Ko a mizanin tattalin arzikin ƙasa shawarar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Tun shekarun 1930 masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya John Maynard Keynes ya nuna cewa idan kowa ya rage kashe kuɗi lokaci guda, cinikin kowa ne ke raguwa, domin abin da wani ya kashe shi ne abin da wani ya samu. Gidan da ya daina kai ɗinki ya rage wa tela abinci, tela ya rage wa mai shago, mai shago ya sallami yaronsa. Gwamnatin da ba ta da abin faɗa wa jama'arta sai su tsuke, tana kiran durƙushewar kasuwa ne da bakinta.

Ba a rasa abin yi ba. Sifaniya ta cire harajin VAT daga kayan abinci na yau da kullum a farkon 2023, Fotugal ta bi sahu bayan 'yan watanni. Birtaniya ta ɗora wa kamfanonin mai da gas haraji na musamman kan ribar da ta faɗo musu a 2022. A ɗaure mafi ƙarancin albashi da farashin kaya domin su riƙa tashi tare. A ciyar da yara a makaranta, a sa ido kan 'yan tsirarun kamfanonin da ke riƙe da kasuwar hatsi da taki. Kuma duk jami'in da zai sake hawa mumbari ya ce wa jama'a su rage kashe kuɗi, a fara tambayarsa nawa ofishinsa ya rage a kan motoci da tafiye-tafiye a wannan shekara, ya kawo adadin a rubuce.