Gasar na'urorin neman ƙarfe: a daina raba rukuni da shekarar ƙira

Masu shirya gasar tsofaffin na'urori da na zamani a nan Damagaram sun raba rukunoni bisa shekarar da aka ƙera na'ura, har suka ba ɓangaren tsofaffi kyautar maki tun ba a fara ba. Tsarin nan ba shi da tushe.

Wace ce tsohuwa? Fisher Gold Bug 2 ta fito a 1995, tana aiki a zangon sigina na kilohaz 71, kuma har gobe tana jin ƙwayar zinariyar da sababbi da dama ke tsallakewa. Minelab GPX 4500, irin wadda samarinmu suka riƙa ɗauka zuwa haƙar zinariya a Jado daga 2014, ta fi Equinox 800 tsufa da shekara goma, amma a jar ƙasa mai marmara ta fi ta nitso. Sai dai ba ta iya tantance ƙusa da tsabar kuɗi sosai. A filin da ya cika da marfin kwalba da gwangwani, mai ita zai wuni yana tonon shara. Ke nan fili ne ke zaɓen gwani, da kuma hannun da ke riƙe da sandar.

Nan ne aka fi yin ganganci. Yawancin masu tsofaffin na'urori su ne suka daɗe a harkar. Sun iya daidaita na'ura da ƙasa da hannu: a ɗaga farantin da ke ƙarshen sandar kamar santimita 30, a sauke shi dab da ƙasa, ana murɗa maɓalli har ƙarar ta tsaya cak. Sun san sautin tagulla da kunne. Sabuwar na'ura kuwa sau da yawa tana hannun wanda bai gama karanta lambobin allonta ba, yana lilo da farantin sama-sama cikin gaggawa. A haɗa ƙwararru wuri guda, sannan a ƙara musu maki? Wannan ƙara wa Barno dawaki ne.

Masu cewa wasa ne kawai, a bar shi haka, ba su taɓa shan ranar Afrilu suna tono a banza ba.

Ga kuma abin da ba wanda ya kula da shi: na'urori na shiga wa juna. GPX na iya rikita tsohuwar na'urar da ke kusa da ita, wadda ba ta da maɓallin sauya zango, ta yi ta kuka ba dalili. Jera mutane kafaɗa da kafaɗa zalunci ne ga mai ita.

A raba ƙwararru da sababbin shiga daidai a kowane rukuni. A binne tsabar kuɗi iri ɗaya, a zurfin santimita 10, 15 da 20, bayan an cire waɗanda maganaɗisu ke kamawa, don na'ura na iya ɗaukarsu ƙusa. A ba da tazara tsakanin layuka, a yi musayar fili bayan rabin lokaci. Kyautar makin nan kuma a soke ta kafin ranar gasa.