Yadda kajin Hajiya suka cinye min doki

Ni fa na sha jin ana cewa makarantun kuɗin nan ba yaro kaɗai suke ɗauka ba har da ubansa, ban taɓa gane maganar ba sai da Ummi ta shiga aji biyu. Ranar wata Lahadi ce, na dawo daga isha'i na ci tuwona na miƙe ƙafa a tabarma ina 'yan danne-danne a waya, sai ga ta ta tsaya a kaina da littafi, wai "Abba, Anti ta ce gobe kowa ya zo da furojet ɗinsa, wanda bai kawo ba ziro." Na ce wane irin furojet kuma da daren nan? Na karɓi littafin na duba, ashe yau sati biyu cif da Anti ta rubuta abin, ga kwanan wata nan da jan biro, yarinyar nan ta bar shi a jaka tare da ledar biskit sai yau ƙarfe tara saura ta tuna.

Aikin dai na darasin da suke ce wa CCA ne, wato fasaha da al'adu. A samu kwali, yaro ya zana dabbar da yake so, ya shafa gam, ya bi ya mammanna hatsi har hoton ya cika, wake ne, shinkafa ce, gero, dawa, duk abin da ke gida. Maki 20. Maman Ummi na jin an ambaci wake da shinkafa sai na ga ta lallaɓa ta ɗaure makullin sito a bakin zani, ta ce "Abban Ummi, su waɗannan malaman sun san nawa kwano yake a Dawanau kuwa? Abincin da muke lallaɓawa shi za a liƙa a kwali?" Da ƙyar da roƙo ta auno min da gwangwanin tumatir, ɗan ƙaramin nan, ko wane iri ɗaya-ɗaya, tana aunawa tana shafe bakin gwangwanin da yatsa kamar mai sayarwa.

Toh ni kuma a nan girman kai ya shigo. Mu da muka yi firamaren gwamnati a shekarun 1990 mun san handiwok, ƙarshen zango kowa ya kawo aikin hannunsa, tsintsiya ko mafici ko faifai ko igiyar kaba, duk da dai gaskiya yawancinmu tsintsiyar gida muke ɗaukewa mu sake mata ɗauri mu kai, matan malamai kuwa ban jin sun taɓa sayen tsintsiya a zamanin nan. Amma ni a unguwarmu an san ni a motar kara. In na ɓare bayan karan dawa na sossoka shi a totuwa na yanka tsohon silifas na yi taya, yara layi suke yi su ja. Motar langa-langa ma na yi ta har da sitiyari. Sai na ce wa Ummi ki kwantar da hankalinki, yau za ki san ko waye ubanki.

Na fita shagon bakin layi ya kusa rufewa. Farin kwali babu, sai ya ba ni kwalin taliya wanda ya ƙare. Gam ɗin takarda ma babu, sai sufa gulu, na ce ba ni guda uku. Ya dube ni ya ce "Alhaji takalmi ne ya tsinke?" na ce a'a doki zan yi. Bai ƙara tambaya ba.

Maganar dokin nan ma sai da aka yi rigima. Ita Ummi mage take so, na ce wace irin mage, 'yar Kano guda ki tashi ki kai mage? Doki za mu yi, dokin Hawan Daushe, da sirdinsa da linzaminsa da likkafa da mahayi ya sha rawani. Farin wake jikin doki, jar dawa sirdi, shinkafa rawani, gero ƙasa, taliya kuma linzami da jela. Ta ce "Abba ai Anti ta ce dabbar da nake so." Na ce ai kina son doki, ba ki dai sani ba ne. Ta turo baki ta ɗauki yankin kwalin da na yanke na yar ta koma lungun kujera, ni ban ma ƙara bi ta kanta ba.

Sufa gulu uku ba za su ishi doki ba, sai na ce bari in dama sitaci, wanda ake sa wa shaddata. Yanzu ne na san ƙa'idarsa, da ruwan sanyi ake fara kwaɓa garin ya narke, sannan a sheƙa masa tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri ya yi sheƙi. Ni kuwa ruwa na tafasa na antaya garin ciki gaba ɗaya, nan take ya dunƙule ya zama gudaji-gudaji kamar an yi ɓarin ɗanwake. Babban yayansu ɗan aji shida ya shigo kicin ya ga kwano yana turiri ya zaci kunu ne, kafin in yi magana ya kai ludayi baki. Bai ce komai ba, ya dai fita da sauri.

Na zauna na yi zane. Wallahi a cikin kaina dokin nan na nan tsaf, har ƙwalisar da yake yi ina gani, amma tsakanin kaina da fensir ban san inda ya ɓace ba. Da na gama na ɗaga na ce ku faɗa min mene ne wannan. Maman Ummi ta ce "ragon layya ne da bai samu dusa ba." Yayan nasu ya ƙirga ya ce "Abba ƙafarsa biyar", na ce jela ce ta biyar ɗin kai kuma tafi ka kwanta. Sai ga Hajiya, mahaifiyata, ta fito za ta zagaya, ta tsaya ta ɗauki kwalin ta juya shi sama ta juya shi ƙasa ta ce "Allah sarki, yanzu har kura ake koya musu?" Na ce Hajiya ai in an manna hatsin zai fito.

Sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta. Ummi ta daɗe da yin barci a lungunta, kowa ya watse ya bar ni daga ni sai tocilan ɗin waya da na saƙala a baki, ina tsintar wake ɗaya bayan ɗaya ina jerawa, mutum mai 'ya'ya uku da furfura a gemu. Sitacin nan ba ya riƙe wake, da na ɗora sai ya zame, shi ya sa na koma wa sufa gulu, kuma duk wanda ya san abin nan ya san ya fi son fatar mutum a kan duk abin da aka sayo shi dominsa. Babban yatsana da manuni suka haɗe kamar mai nuna abu ya yi daidai, na raba su da ƙyar, na tsakiya ya kama kwali, da na fizge ya taho da rabin wuyan doki. Waya ma ta daina gane yatsana. Ƙarfe ɗaya da wani abu na gama, na fito tsakar gida na kife turmi na ɗora kwalin a kai don ya sha iska ya bushe kafin safe, na tsaya na haska shi na ce ma sha Allah, a duhu dai doki ne.

Da asuba na zo alwala sai hankalina ya tashi, yatsu huɗu duk sun yi ɓawon gulu, ruwa ba zai taɓa fata ba. Ga liman ya tayar da salla, ga ni tsugune da ruwan ɗumi da dutsen goge kaushin Maman Ummi ina ta dirza kamar mai wanke tukunyar biki. Raka'a ɗaya na samu. Da aka idar maƙwabcina ya miƙo hannu muka gaisa, sai na ga ya riƙe hannun yana duba hannun rigata, ashe ƙwayar wake biyu ne manne a bakin jallabiyar. Ya ce "Alhaji sana'ar ƙosai aka fara ne?" Muka ɗan tsaya a ƙofar masallaci ina ba su labari, har ina cewa su bari gari ya waye su zo su ga aiki.

Abin da na manta shi ne Hajiya da ta idar da lazimi take buɗe akurki.

Tun daga soro nake jin ƙwas ƙwas ƙwas. Na shigo na tarar da kaji bakwai sun kewaye turmi, zakaran ya haye kan kwalin ya tsaya daidai kan sirdi ya buɗe fiffike, shi ne ya yi hawan ba mahayina ba. Geron ƙasa sun share shi tas, rawanin shinkafa babu ko ƙwaya, jar dawa ta tafi, abin da ya rage sai waken da sufa gulu ya riƙe da 'yan guntayen taliya, sannan ɗaya daga cikinsu ta bar min sa hannu a daidai fuskar mahayi. Na cire takalmi na bi su da gudu, santsin sitacin da na zubar jiya a bakin rariya ya kwashe ni sai ga ni zaune daɓas. Da kajin wani ne wallahi da ranar an ci farfesu, to na Hajiya ne, ba dama. Ta leƙo ta taga ta ce "kai kuma bar su mana, rabonsu ne ya tsaga, Allah ya karɓi sadaka." Maman Ummi kuwa tana bakin kicin ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa, da ta samu numfashi abin da ta fara cewa shi ne "gwangwani huɗu fa."

Ina zaune ina tunanin ƙaryar da zan shirga wa Anti sai ga Ummi ta fito da yunifom, ko a jikinta. Ta zuge jaka ta ciro yankin kwalin nan na jiya. Mage ce. Kai ƙato, jiki ɗan mitsitsi, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ta dangwali sitacina mai gudaji da yatsa ta barbaɗa geron da ya zube min a ƙasa, ta karya taliya shida ta yi gashin baki. Kowa ya kalla ya san mage ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Duk da haka na goge kashin kajin na ɗauki dokina na ce mu tafi da duka biyun, ko ba komai Anti ta ga an yi ƙoƙari.

Bakin get ɗin makarantar ranar kamar ana kai lefe. Wani an sa wa nasa gilashi da firem na alminiyon, direba ne ya rungumo shi. Wata uwa ta riƙo raƙumi da aka yi da riɗi da zoɓo, har inuwarsa an fitar a ƙasa, wai yaro ɗan shekara bakwai ne ya yi. Akwai wanda a can ƙasan kwalin har da lambar wayar mai zanen allon talla, ya manta ya sa kamar yadda ya saba. Muka riƙa gaisawa da iyaye kowa na satar kallon na wani, ni na kife nawa a ƙirji.

Anti ta karɓi magen ta yi murmushi ta ce "yauwa Ummi, wannan hannunki ne." Ta juyo ta ce min ita fa ba kyau take nema ba, so take yaro ya tsinci ƙwaya da yatsu biyu ya ajiye inda yake so, yatsun da zai riƙe fensir da su ke nan, ya kuma koyi zama ya gama abu, amma duk zango sai iyaye sun mayar mata da aji gasar kafintoci. Ina ta gyaɗa kai ina cewa gaskiya ne Anti, iyaye ba sa kyautawa. Sai idonta ya kai kan abin da na rungume, ta miƙo hannu, ba yadda zan yi na ba ta. Ta daɗe tana kallo sannan ta ce "na ƙaninta ne ɗan nazire ko? Ma sha Allah, kifi ne? A riƙa ba shi kala yana wasa da ita, hannunsa zai faɗa." Na ce in sha Allah Anti za a riƙa ba shi. Har na juya zan tafi sai muryar Ummi ta cika baranda, "Anti ba kifi ba ne, doki ne, kuma Abba ne ya yi, har ƙarfe ɗaya bai yi barci ba, kajin Hajiya ne suka cinye!" Mai raƙumin riɗi ta juyo, direba mai gilashi ya juyo. Anti ta danne dariyarta ta ce "Alhaji ko za ka bar min shi? Ina so in nuna a taron iyaye." Na ce a'a, ta ce ba za ta faɗi suna ba, na ce Ummi za ta faɗa.

Magen ta ci 16 cikin 20. Dokin yana nan a bayan durowa na ɓoye, kiyashi na ƙarasa abin da kaji suka rage. Makon jiya kuma sai ga sabuwar takarda, wai wannan karon tukunya za su gina da yumɓu. Na gyara zama na ce ai mu da muka yi wasan laka a bakin kududdufi, ban rufe baki ba Maman Ummi ta ciro naira 20 daga jaka ta juya min bayan kuɗin ta nuna min hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya, ta ce "ka ga mai tukunya nan, kai kuma riƙe kuɗin ka sayi alawa." Ta kira Ummi suka shige kicin da ledar yumɓun suka sa sakata.