Uwar ɗaki a wurin aiki

Ina shekara ta uku da fara aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila aka buɗe gurbin ƙarin girma daga mataki na 5 zuwa na 6. Na karanta sanarwar, na wuce abina. Ranar Alhamis sai shugabar ɓangarenmu, wata dattijuwa 'yar asalin Jamaika, ta tare ni a ɗakin shan shayi, ta ce ba ta ga sunana cikin masu nema ba. Na ce ai akwai waɗanda suka riga ni zuwa. Ta ajiye kofinta ta ce, "Wa ya gyara jadawalin maganin dare da ya yi ta ba mu ciwon kai?" Na ce mu ne. Ta ce, "Ku su wa?"

Na rasa amsa. A Zariya aka raine ni, inda tun kina ƙarama ake cusa miki cewa yabon kai jahilci ne, don haka bakina bai saba da "ni na yi" ba. Mako uku tana zama da ni rabin awa duk Alhamis, tana jefo min tambayoyin intabiyu, da na ce "mu" sai ta ƙwanƙwasa tebur. Na samu gurbin.

Wannan rabin awar ce ta fi tsaya min a rai. Cikin lokacin aiki muke zama, a fili, domin renon na ƙasa da ita yana cikin ayyukan da aka ɗora mata, kuma ƙarshen shekara za a tambaye ta wa ta ɗaga.

Ƙanwata tana aiki a wani kamfani a Kano, kuma wallahi ta fi ni ƙwaƙwalwa. Da ta haihu ta koma bayan mako 12, ta tarar an ba wani kujerarta, ita an mayar da ita teburin karɓar baƙi "don ta samu sauƙi". Ba wanda ya tambaye ta ko tana son sauƙin. Ta kira ni tana cewa, "Yaya, ni fa ba hutu na roƙa ba, aikina nake so." Abokan aikinta maza kuwa suna da iyayen gida. Wurin ɗaurin aure ake raɗa wa yaro cewa za a buɗe gurbi, a hanyar dawowa daga masallacin Juma'a ake koya masa yadda zai yi magana gaban manaja, a majalisar bayan isha'i ake ambaton sunansa. Ban ga laifin wannan zumunci ba. Sai dai duk wuraren nan mace ba ta zama a cikinsu, kuma ba wanda ya tanadar mata madadinsu.

Doka ma da nata. A nan Ingila mace tana da damar hutun haihuwa har mako 52, ana biyan ta a mako 39 daga ciki, kodayake bayan makonni 6 na farko kuɗin da doka ta tilasta kaɗan ne. Tana iya leƙa aiki na kwana 10 cikin hutun ba tare da ya karye ba, don kada a manta da fuskarta. Tun 2017 kuma duk ma'aikatar da ke da mutum 250 ko fiye sai ta wallafa tazarar da ke tsakanin albashin mazanta da na matanta. A Najeriya dokar ƙwadago mako 12 ta bayar, da aƙalla rabin albashi. Jihar Kaduna ta kai nata wata shida a 2019, abin a yaba, amma ma'aikatan gwamnatin jihar ya shafa.

Kada a ɗauka nan ɗin aljanna ce. Da na haifi ɗana na biyu babu mai dafa min ruwan wankan jego, babu kunun kanwa, babu kaka da za ta goya shi. Kuɗin gidan reno ya kusa cinye albashina, har na yi kuka na ce zan ajiye aikin. Ƙanwata ba ta san wannan tashin hankali ba, Hajiyarmu tana nan. Kuma ina gani da idona, duk hawa ɗaya da aka yi sama, baƙaƙen fuskoki da masu ɗankwali sai su ragu.

Abin da ke min ciwo shi ne renon mace ga mace namu ne tun asali. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata ɗalibai da ake kira 'yan taru. Aiki ne da aka ba mutum, da alamarsa a ka, kowa ya san wa ke da alhakin wa. Har gobe mai sayar da atamfa tana da 'yar ɗaki da take koya wa ciniki. Da an shiga ofis sai abin ya koma sa'a: in Allah ya haɗa ki da Hajiya mai kirki, to, in kuwa kika faɗa hannun wadda ke ganin ita ta sha wuya, ke ma dole ki sha, shi ke nan.

Muna alfahari da Mai Shari'a Aloma Mukhtar da ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012, da Amina Mohammed da ke Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin mataimakiyar babban sakatare tun 2017. Roƙona ga manyan matan da ke bankuna da asibitoci da sakatariyoyi na Kano, Katsina da Sakkwato shi ne kowacce ta ɗauki yarinya biyu, ta sa a rubuta lokacin zamansu cikin jadawalin aiki, ta riƙa faɗa musu kafin a buɗe gurbi. Maza masu riƙe da ofis su ma su yi haka, ƙofa a buɗe, da rana tsaka.

Ƙanwata tana da intabiyu a wani wurin daban wata mai zuwa. Duk Lahadi bayan la'asar ina kiran ta a WhatsApp, jaririyar na cinyar Hajiya, ni ina tambaya tana amsawa. Makon jiya sau biyu kacal na ƙwanƙwasa tebur.