Ba da kwaɗo ake maganin hayaniya a ɗakin karatu ba

Wato dai an rufe ajin koyon karatu da rubutu na mata da ake yi a ɗakin karatu, laburare, ke nan. Mata sun zo da safe, littattafan rubutunsu a cikin leda, wasu da goyo a baya, suka tarar da kwaɗo a ƙofar zauren da 'yar takarda manne, wai an dakatar da duk wani aji sai abin da hali ya yi, saboda hayaniya na damun masu karatu.  Wannan hukunci kuskure ne, kuma wanda ya yanke shi bai fahimci aikin ɗakin karatu na ƙaramin gari ba. Hayaniya matsalar jadawali ce, kuma da jadawali ake gyara ta.

Ranka ya daɗe, kai da ka yanke hukuncin, kafin ka sa kwaɗon nan ka buɗe rajistar bakin ƙofa? Ka ƙirga waɗanda suka sa hannu ranakun da ake aji, ka ƙirga na ranakun da ba a yi? A ƙaramin gari masu zuwa su zauna shiru da littafi sanannu ne: ɗalibai idan WAEC da NECO sun matso, da dattijai 'yan fansho masu duba jarida. Suna da haƙƙi, ba wanda ya ce ba su da shi. Amma uwar da ta zo koyon rubuta sunanta ita ce za ta turo ɗanta ya ari littafi. Ka kore ta, ka kori ɗan, shekara mai zuwa a zo duba kasafi a ce ginin ba kowa, a mai da shi wurin ajiyar taki.

Masu cewa laburare ba makaranta ba ce su je su duba takardar manufa da UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, suka fitar a 1994. A cikin ayyukan ɗakin karatu na jama'a an rubuta tallafa wa yaƙi da jahilci ga kowane rukunin shekaru, da koyar da amfani da kwamfuta, da raya adabin baka. A nan gida ma abin ba baƙo ba ne. A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar wallafa littattafai ta Arewa, NORLA, a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano da Himma a Katsina da Zaruma a Sakkwato, don an gane cewa babban mutum in ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, wata 'yan kaɗan ne karatun zai zube. Shi ya sa aji a cikin ɗakin karatu ya fi aji a ko'ina. Littafin yana nan bayan kujerarta.

To ga jadawalin da ake ta cewa ba zai yiwu ba. Ajin mata ƙarfe 10 zuwa 12 na safe, Litinin, Talata, Laraba. An tura yara makaranta, ba a kai ga ɗora sanwar rana ba. Ka sa shi ƙarfe 8, ba mai zuwa. Ka sa shi bayan la'asar, ya yi karo da tuwon dare. Daga azahar zuwa tashi, ginin na masu son shiru ne, ko tari aka yi da ƙarfi a yi magana. Yara kuwa Alhamis bayan la'asar, domin yawancin Islamiyyu da makarantun allo Alhamis da Juma'a suke hutu, kuma duk wanda ya sa taron yara ranar da ake Islamiyya ya jawo wa kansa faɗa da iyaye da malamai gaba ɗaya. Su ma ba sai a cikin zaure ba. Tabarma uku ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidan, tsohuwa ɗaya mai tatsuniya, sannan a karanta musu shafi biyu ko uku su ga cewa labari yana zama a takarda. Ranar kasuwar garin a bar ta fayau, ba aji. Da damina ta kankama a rage zuwa kwana biyu, lokacin girbi a ba da hutu a fili a faɗi ranar dawowa, don in ba a faɗa ba mutane za su ɗauka ajin ya mutu. Da azumi a matso da komai hantsi. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a manna a ƙofa, a daidai wurin da aka manna waccan takardar. Wane mai karatu ne zai sake kuka da hayaniya bayan ya san sa'o'insa?

Abin da ke kashe ajin manya ma ba hayaniya ba ce, kuma da an tambayi masu koyarwa da sun faɗa. Na farko cunkoso: malama ɗaya kada ta wuce mutum 25, domin a makonnin farko sai ta kama hannun kowace ta nuna mata riƙon fensir. Sannan karɓar sababbi kullum. In yau an kai ga haɗa gaɓa, ba be bi bo bu, gobe wata ta zo ba ta san wasali ba, sai a koma baya, na farkon su gaji su daina. A riƙa ɗaukar sababbi bayan kowane wata uku. Wadda ta iya karatun ajami a ware ta, ta riga ta san baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti, saurinta daban ne. A makon farko kowace ta rubuta sunanta ta tafi da shi gida, sannan lambobi da wuri, don abin da ya kawo da yawansu shi ne lambar waya da katin asibiti da lissafin adashi. Kayan aiki ba wani abu ba ne: littafin rubutu mai falle 40, fensir, magogi, allo da alli.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Macen da ta haura shekara 40 sau da yawa ƙananan baƙaƙe ba sa fitowa a idonta, ita kuma ba za ta faɗa ba, sai ta ce kanta ne ba ya ɗauka, bayan mako uku a neme ta a rasa. A zaunar da irinsu kusa da taga, a yi rubutun allo manya-manya, a ba su shawarar gwada tabarau. Kuma in babu banɗaki mai ƙofa da randar ruwa, mata ba za su yi awa biyu a wurin ba ko da littafin zinariya ne. Masu tsoron cuɗanya da maza kuwa, maganarsu ma jadawalin ya amsa ta: sa'o'in mata na mata ne, mai koyarwa mace ce, a sanar da mai unguwa da liman tun kafin a buɗe, su za su yi magana da mazaje.

Ajin kwamfuta shi ya fi ƙona mini rai, don shi ko sauti ba ya yi, amma an haɗa da shi an kulle. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗayan darussa ukun. Ku raba ku gani, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsa ya taɓa linzamin kwamfuta, mintunan farko a rawar hannu za su tafi, alhali abin da yake buƙata kaɗan ne: maɓallan A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa, da sanin cewa kada ya miƙa kafin ya gama. Waya ba ta koyar da wannan, masu cewa ai kowa na da waya su bar maganar nan. Kwamfuta biyar, yara biyu a kowace, minti 40, zagaye uku, yara 30 ke nan a yini. A ina ɗan ƙauye zai sami wannan kyauta in ba a nan ba?

Babu kuɗi, babu wuta, na sani. A nemi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ba ta wuce wat 60 ko kusa da haka, a bar manyan na tebur masu cin ninkin wannan sau biyu ko uku. Kwamfuta biyar wat 300, da fankar sama biyu ya kama wajen 450. Farantin sola uku masu wat 300 za su ɗauki wannan da rana tsaka, shi ya sa ajin zai kasance tsakanin ƙarfe 10 da 2, Asabar da Lahadi ga waɗanda ke makaranta, ma'aikacin da ya zo a rama masa hutunsa cikin mako. Batir mai 200Ah rabinsa kawai ake so a sha, wanda da wannan nauyi bai wuce awa biyu da rabi ba. Abin da ke kashe shi sananne ne: a bar shi ya ƙare ƙaf kullum, a manta da zuba masa ruwan batir, wani ya jona dutsen guga ko a mai da wurin shagon cajin waya. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙurar farantin, in ba haka ba a yi ta zargin inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, alhali ƙura ce.

Masu koyarwa, 'yan hidimar ƙasa suna da rana guda a mako ta aikin al'umma, a rubuta takarda a nema. Sai dai shekara ɗaya suke yi su tafi, don haka kowane a haɗa shi da malamin da ya yi ritaya ko wata 'yar gari, ajin ya zauna a hannun mai zama. A riƙe rajistar halarta da kyau, suna da kwanan wata. Ita ce hujjar da za a kai hukumar ɗakunan karatu ta jiha ko ta ilimin manya, irin wadda Kano ta kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Da takardar dakatarwa kuwa me za a kai musu?

Don Allah a cire kwaɗon nan kafin Litinin. Matan nan wasu sai da suka yi wata suna roƙo a gida kafin a bar su fitowa, in suka zauna mako uku ba za a sake ba su izini da sauƙi ba.

Kuma tunda za a buɗe zauren, a leƙa kusurwar da aka jibge tsofaffin jaridu a ƙasa. Gara daga ƙasa da bango take hawowa. A ɗaga su a kan kantar ƙarfe, a bar tazarar hannu tsakaninta da bango, a duba rufin da ke samansu kafin ruwan farko. In akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo a cikinsu, jaridar da aka fara bugawa tun 1939, kada wani ya ce shara ce ya auna wa mai tsire. A jera su bisa shekara, a ɗaure kowace shekara da zare, a rubuta a bango. Matan ajin ma za su iya gwada karatunsu da kanun labaran, baƙaƙensu manya ne.