Masu tafiyar aiki, ku duba abin da kuke karyawa da shi

'Yan'uwana matasa da aiki ke yawo da ku ƙasa-ƙasa, ku ba ni aron kunnuwanku a kan karin kumallo. Duk wanda aiki ya taɓa kai shi Amurka ko Kanada ya san yadda safiyar take: an makara a otal, taro ƙarfe tara, ga shagon gahawa da donat na Dunkin' ko Tim Hortons a bakin hanya. Minti biyar ka fito da gahawa da donat biyu. Dunkin' tun 1950 yake wannan sana'a, Tim Hortons tun 1964, sun daɗe da gane cewa mai sauri ba ya tsayawa tambaya.

To, ku tsaya ku yi tambayar: sukari nawa ke ciki? A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha ya wuce wajen giram 50 a yini ga baligi, wato cokalin shayi 12, in so samu ne ma rabin haka. Donat guda mai sheƙin sukari yana ɗauke da giram 10 ko fiye. Amma abin da ya fi damuna yana cikin kofi. Babbar gahawar nan mai sanyi, mai kirim da karamel, ita kaɗai tana iya zarce kason yini ɗungurungum, kai kuwa kana ganin ai ruwa kawai ka sha.

Sukari da farar fulawa ba sa riƙe ciki. Kafin azahar yunwa ta dawo, kasala ta sauko, kana gyangyaɗi a taron da aka biya maka kuɗin jirgi dominsa. Wannan amana ce fa! Sai ka ƙara gahawa ta biyu, ta uku. Sinadarin kafeyin da ke cikin gahawa, mai hana barci, kuwa yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wadda ka sha da la'asar tana nan tare da kai a kan gado. Barci ya ƙi, ka sake makara, gobe ka koma layin jiya. Mako guda jiki zai jure, amma wanda tafiya ta zame masa sana'a, da hannunsa yake gayyato ƙiba da ciwon suga.

Ban ce ku ƙaurace wa shagunan ba, wani lokaci su kaɗai ke buɗe da asuba. Ku fara da ruwa. Ku nemi burodi mai ƙwai, ku tambayi naman da ke ciki, don sau da yawa na alade ne. Gahawa a ba ku ita ba sukari, ku zuba da kanku, idonku na gani. Donat ɗaya ya isa, shi ma ba kullum ba. A Amurka, tun 2018 doka ta tilasta wa kamfanonin abinci masu rassa 20 ko fiye rubuta adadin kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki, a allon farashi, don haka ku karanta shi tun kuna kan layi.