Wai Shekarunka Nawa?

Da safe a teburin mai shayi a Samaru, gardama ta kaure kan shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). Na ce 1962, zamanin Sardauna. Wani dattijo ya ce tun kafin 'yancin kai ne. Na ce, "Baba, ai 'yanci 1960 aka samu." Sai ya tsuke fuska: "Kai yaro, shekarunka nawa?"

Haba! Me ya haɗa furfura da lissafi? Da ma kwalejin da ta riga jami'ar ya ambata, wallahi da na sallama. Ina! Wani ya tsoma baki wai a WhatsApp ya gani, aka hau ɗaga murya. Kafin in ankara shayina ya huce, ƙudaje sun yanyame burodina.