"Ba aikina ba ne"

Jiya bayan la'asar wani ɗan acaba ya faɗi da wata dattijuwa a bakin titinmu. Ƙafarta na zubar da jini, ƙullin garinta ya fashe a kan kwalta. Mun kai mu ashirin a tsaye, kuma wallahi wayata na fara lalubowa. Wani yaro mai tallan ruwan leda ne ya tuɓe rigarsa ya ɗaure mata ƙafar, yana ta "sannu Inna, sannu." Ni kuwa na ce a raina, ai ni ba likita ba ne.

Na kwanta barci ya ƙi zuwa, sai labarin John Chard ya faɗo mini.

Laftanar ne a rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya, zamanin Sarauniya Victoria. Kula da jiragen fito a kogin Buffalo shi ya kai shi Rorke's Drift, a Afirka ta Kudu. Ranar 22 ga Janairun 1879 babban hafsan wurin ya fita ya bar masa ragama. Can sai ga labari: an karkashe rundunarsu a Isandlwana, dubban mayaƙan Zulu na tafe. Su kuwa wajen mutum 150 ne kawai, wasunsu ma a kwance suke a asibiti. Mutumin da ya zo aikin fito bai ce a jira mai aikin ya dawo ba. Suka jera buhunan masara suka yi ganuwa. Da dakarun taimako suka tsere, ya sa aka tsuke filin da akwatunan biskit. Asibiti ya kama da wuta, sojoji na fasa bango ɗaki bayan ɗaki suna janyo majinyata. Haka har gari ya waye. Mutum 11 aka ba lambar jarumta ta Victoria Cross a kan wannan faɗa, har da shi.

Kada a ce yabon 'yan mulkin mallaka nake. Turawa ne suka afka wa ƙasar Zulu, kuma Zulu mazan fama ne, ɗaruruwansu suka kwanta a wurin.

Kunya dai ta kama ni. Ɗan guntun tagulla aka maƙala wa Chard a ƙirji, ya mutu a 1897 ya bar shi. Mu fa, da aka yi mana alkawarin lada ko ƙaya muka kawar daga hanya? Kwata ta toshe a ƙofar masallaci, sai mu tattare riga mu tsallake, na gwamnati ne. Maƙwabci ya kwana uku bai fito sallah ba, na danginsa ne. Gobara ta tashi, bokiti na gefe, mu muna ɗaukar bidiyo don Facebook. Haba jama'a!

'Yan uwa, don Allah mu mayar da wayar nan aljihu. Ni ne na farko da ke bukatar wannan magana. Ko inda aka kai Innar ban tambaya ba. Allah Ka ba ta lafiya, Ka yi wa yaron nan albarka, ni kuma Ka yafe mini tsayuwar jiya.